Ɗakin da Zaliha Ba Ta Shiga Ba

A Tamaske ta wancan zamani, mace ita kaɗai take haihuwarta. In naƙuda ta taso mata, sai ta sauke tukunyar da ke kan murhu, ta shige ɗaki, ta saki asabari, ta durƙusa a kan rairayi ta rungumi turmin da aka kifa. Ba ta kiran kowa. Ko nishi mai ƙarfi ta yi, da shi za a riƙa yi mata gori har ta aurar da abin da ta haifa. Sai an ji kukan jariri sannan a aika wa ungozoma. Ungozomar unguwar gabas wata tsohuwa ce ana ce mata Baraka, mai baki kamar barkono, wadda takan ce ita aikinta daga faɗuwa yake farawa. Ta yanke cibiya, ta wanke ɗa, ta binne mahaifa a bayan ɗaki, ta dafa ruwan wankan jego. Abin da ya faru kafin faɗuwa kuwa, wannan tsakanin mace ne da Ubangijinta.

Zaliha matar Halidu ba gadon wannan aiki ta yi ba. Da saƙar tabarma ta tashi, kuma hannunta yana da kyau, har fatake masu jakuna sukan biyo ta ƙofar gidansu su kwashi abin da ta saƙa su nufi kasuwar Madawa da shi. Haihuwa biyar ta yi a kan ƙa'idar garin, ba wanda ya taɓa jin ko tarinta. Ta shida ce ta zo a shekarar da fara ta cinye gero, jikinta duk ya zube. Ta yini a durƙushe tana jin muryoyin mata a tsakar gida, taku biyar tsakaninta da su, amma ta kasa buɗe baki. Yaron ya zo ba rai. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta san kwana ne ya ƙare tun bai fara ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne tsoron da ta ji a ɗakin nan, da yadda ta yi ta fatan ko akuya ce ta kutso kai ta tsaya kusa da ita.

Da shekara ta zagayo, wata rana da hantsi, Mariama matar maƙwabcinsu ta shige ɗaki ta saki asabari. Zaliha tana saƙa a gindin darni, ta ga shigarta, ta kuma gane irin tafiyar. Ta ci gaba da saƙa tana kuskure tana warwarewa. Can dai ta naɗe tabarmar da kabarta, ta tsallaka gidan, ta ɗaga asabarin.

"Rana ta kore ni," in ji ta, ba ta ko dubi inda Mariama take ba. "Kabata na ƙeƙashewa. Bari in ɗan zamna nan inuwarki."

Ta zauna ta ba ta baya, tana saƙa tana ba bango labarin tsadar gishiri. Da abin ya tsananta sai ta ajiye saƙar, ta share mata zufa, ta ba ta ruwa ta kurɓa, ta koma bayanta ta riƙe mata ƙugu. Da ɗa ya faɗo aka kira Baraka, tsohuwa ta tarar da mutum a inda ba ta saba tarar da kowa ba.

"Wagga kuma mi taka yi nan?"

"Inuwa nika sha, Inna."

"Inuwa dut ta ƙare Tamaske sai ta ɗakin mai naƙuda?"

Mariama ba ta faɗa wa kowa ba sai ƙanwarta, ƙanwar kuma ba ta faɗa wa kowa ba sai matan bakin rijiya. Kafin damina biyu, in mace ta ji bayanta ya fara ɗaurewa, sai ta sa a leƙa a ce wa Zaliha akwai inuwa a gidansu. Zaliha ta ɗauki guntuwar tabarmarta ta tafi. Tabarma ɗaya ce ta yi ta yawo da ita shekara da shekaru ba ta ƙare ba, fatake suka gaji da zuwa suka canza hanya. Abin da take samu yanzu ƙwaryar gero ce da kason naman suna. Halidu ya yi ƙorafi da farko, ya ce bai auri mai bin ɗakunan mutane ba, amma ba a taɓa ganin ya mayar da naman ba.

Aikin ya koya mata kansa. Wani abin ta ɗauka a wurin Baraka, wani kuma a wurin wata Bafillatana mai kawo nono, wadda ta ce su a ruga daga shanu suka koya. Ita ce ta nuna mata yadda ake murza marar mace bayan ɗa ya fito, a yi ta murzawa har ta yi tauri kamar duma, don jini ya tsaya. Daga nan Zaliha ta kafa wa kanta doka guda: ba ta fita daga ɗaki sai mahaifa ta sauko, mara ta yi tauri. Ta lura da zarar jariri ya yi kuka, idon kowa kansa yake komawa, har na Baraka, a manta da wadda ta yi wahalar. Ita sai ta bar musu ɗan ta riƙe uwar. Mata uku a unguwar gabas sun san da ba don hannun nan ba, da tuni an yi sadakar arba'in ɗinsu. Likitan Nasara yana Tawa, tafiyar yini guda cur a kan jaki, kuma ba a taɓa jin wadda aka kai ba.

Amma bakin mutane bai bar ta ba. Ungozoma tsohuwa ce wadda ta gama da haihuwa, ita kuwa Zaliha tun tana cikin shekarun haihuwa ta fara shiga tana ganin tsiraicin sa'o'inta. Waɗanda ta riƙe wa ƙugu da hannunta ma, in an taru wurin biki, da su ake cewa ai Zaliha idonta ya bushe, kunya ta yi mata ƙaranci. Wannan magana tana cin ta ƙwarai, don ita mace ce mai son a ce ta san ya kamata. Sai ta nemi wurin da za ta nuna wa garin kunyarta tana nan, ta kuwa same shi a kan ɗiyarta ta fari.

Lantana sunan yarinyar, ko da yake ba a bakin Zaliha za ka ji shi ba. Kowace uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma akasari sukan saki jiki in ba ido. Zaliha ko ba ido ba ta saki. Tun da aka yaye Lantana aka kai ta Ibohamane wurin kakarta ta wajen uba, can ta girma, can aka yi mata aure da wani Sha'ibu. In ta zo ganin gida da salla, Zaliha takan amsa gaisuwarta tana kallon murhu. A shekarun yaƙin Nasara, lokacin da ƙyalle ya yi wuya har mata suka koma kaɗi gadan-gadan, aka ɗebi Sha'ibu soja, ya bar Lantana da ƙaramin ciki. Kakar da ya kamata ta je wa goyon ciki ta rasu da bazara. Don haka da cikin ya shiga wata bakwai, dangin miji suka ɗora ta a kan jaki suka kawo ta Tamaske, gidan uwarta.

Tun ranar da jakin ya tsaya a ƙofar gida, unguwa ta samu abin zance. Uwa ba ta shiga ɗakin da ɗiyarta ta fari take haihuwa, ko gidan ma ba ta zama. To, ga wadda ta shiga ɗakin kowa. Za ta shiga wannan ko ba za ta shiga ba?

Wata biyu suka yi a gida ɗaya suna magana da iska. Zaliha ta dama fura ta ajiye ta ce, "Ga hura nan, in akwai mai sha." Lantana ta fito ta ɗauka ta ce wa randa, "An gode." Amma ta gefen ido Zaliha ba abin da ya wuce ta. Ta ga ƙafafun sun kumbura, ta ga tafin hannun ya yi fari fiye da yadda take so. Ta riƙa cusa zogale a miya, ranar kasuwa ta sa Halidu ya sayo hanta ta ce ita take marmari, sannan ta manta da ita a inda yarinyar take zama. Tana son yarinyar nan, so mai tsanani, irin wanda bai taɓa samun hanyar fita ba.

Wata rana Baraka ta shigo, idonta yanzu ya yi hazo sai da sanda, Lantana ta shimfiɗa mata tabarma ta tambaye ta da murya ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasan da mai hura wuta a murhu ba za ta ji ba.

"Inna Baraka, wai gaskiya ta, nan garin ana zamna ma mai naƙuda?"

"Ana zamna ma ɗiyan mutane," in ji Baraka.

Zaliha ta ci gaba da hura wutar da ta riga ta kama. Da ta raka tsohuwa ƙofar gida, Baraka ta tsaya ta dogara sandarta.

"Ke, kada ki ba mu kunya. Ranar, ki ɗau tulunki ki tahi rijiya kamar kowace uwa. Ni ina bakin ƙohwa, ba inda za ni."

"Wa yac ce maki shiga za ni yi?" in ji Zaliha.

Ranar ta zo da kaka, maza duk suna gona suna yankan gero. Tun jiya Zaliha ta gani a tafiyar yarinyar. Da hantsi Lantana ta share tsakar gida tas, ta jingine tsintsiya, ta shige ɗaki ta saki asabari. Zaliha ta leƙa ta kan darni ta ce wa maƙwabciyarta Biba a kira Baraka, ta ɗauki tulu ta gangara kwari. Ta ɗebo ta juye a randa, ta koma. Ta cika randa, ta cika tukwane, ta cika har kwatarniyar da kaji ke sha. Duk dawowa hanyarta ta bakin ɗakin take bi, ta rage sauri, ta kasa kunne. Ba ta jin komai sai minsharin Baraka da ke gyangyaɗi a kan kujera 'yar tsugune. Sau ɗaya ta tsaya cik, hannunta ya kai kusa da asabarin, sai ta hangi kan Biba da na wata Saude a kan darni sun zuba mata ido. Ta gyara zaman tulun a kanta ta wuce.

Rana ta ɗan goce daga tsaka aka ji kukan jariri, kuka mai ƙarfi. Baraka ta farka ta shiga, ba a jima ba ta fito da shi a hannu ta ce namiji ne. Biba ta rangaɗa guɗa. Mata suka cika gidan, suka yi caa a kan Zaliha da tsiya irin wadda ake yi wa sabuwar kaka.

"Kin yi sabon miji, Halidu ya shiga uku!"

"Ku dube ta, wai ita ba ta ji komi ba!"

Suka ja ta zuwa gidan Saude, don ba kyau a ga uwar mai jego tana rawar ƙafa a wurin. Ta bi su. Suka zaunar da ita, suka kawo goro, suna ta raha. Zaliha tana murmushi inda ya kamata, amma hankalinta yana ɗakin can. Ta fi kowa a garin nan sanin wane lokaci ne wannan. Shi ne lokacin da ba ta taɓa barin ɗiyar kowa ba. Ta daure har ta kasa, ta juya wajen Biba kamar zancen ba nata ba.

"Halan mahaihwa ta sauko?"

"Ku ji ta!" in ji Biba, ta tafa hannu. "Ashe dai ana so! Ke da kinka ce ba ruwanki?"

Aka fashe da dariya, Zaliha ta ɓare goro. Ta zauna har inuwar darni ta tashi daga gindin turmi ta kai bakin rumbu. Sannan ta ce ta bar ruwa a kan wuta, ta miƙe.

Ta tarar da Baraka a inuwar bayan ɗaki, ta wanke yaron ta naɗe shi a tsumma tana yi masa kirari. Ba tare da an tambaye ta ba ta ce yarinya tana ciki tana hutawa, mahaifa ba ta sauko ba tukuna, amma ta ba ta muciya ta sa a baki, za ta zo. Ta ce yarinyar jaruma ce, da ta tambaye ta ko lafiya, cewa ta yi lafiya lau. Zaliha ta juye ruwan zafi a ƙwarya ta nufi bakin ɗakin da niyyar ajiyewa ta wuce. Sai ta ga ƙudaje sun taru a ƙasan asabarin. Ta ji ƙarnin da ta sani. Ta ajiye ƙwaryar ta shiga.

Ɗakin da duhu, idon tsohuwa ba zai ga abin da ke ƙasa ba, amma ƙafar Zaliha ta gaya mata, don rairayin ya jiƙe har bakin ƙofa. Lantana tana nan a durƙushe, ta kwantar da kumatu a kan turmi, tana hamma. Jikinta ya yi sanyi. Zaliha ta kwantar da ita a jikinta, ta sa hannu a marar, ta ji ta laushi kamar ƙullu. Ta shiga murzawa da duk ƙarfinta. Mahaifar ta sauko. Ta ci gaba da murzawa har marar ta yi tauri a ƙarƙashin tafinta, jinin ya tsaya. Aikin ya yi yadda ya saba yi, sai dai abin da ya rage a jikin ba shi da yawa.

Lantana ta buɗe ido ta dube ta, kallon da ba ta taɓa yi mata kai tsaye ba.

"Tun hantsi nika jin tahiyarku," in ji ta. "Kuna zuwa kuna komawa. Kowane karo sai in ce yanzu za a ɗaga asabari."

"Mi yah hana ki kira?"

"Ban san da mi za ni kiranku ba."

Ta nemi ruwa, Zaliha ta ba ta. Ta tambaya ko yaron yana da lafiya, aka ce mata yana da ita. Zaliha ta sunkuya ta kira sunanta a kunne, sau uku, kuma ko a lokacin ma sai da ta sassauta murya don kada na waje su ji. Ba ta san ko yarinyar ta ji ba. Kafin maza su dawo daga gona an gama.

Aka binne ta kafin faɗuwar rana. Mariama, wadda take da goyo a lokacin, ta karɓi yaron ta haɗa da nata. Kwana uku mata suna shigowa gaisuwa, Zaliha tana zaune a tsakar gida ba hawaye, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. Suka yi ta yaba mata. Suka ce ba a taɓa ganin gidan kunya irin wannan ba, ɗiya ta haihu har ta cika ba a ji uffan ba, uwa kuma ga sanin aiki a hannunta amma ta kama kanta har ƙarshe. Waɗanda suka ce idonta ya bushe su ne suka fi kowa faɗa, har da neman gafara. Shekara goma Zaliha tana jiran ta ji wannan magana daga bakinsu. Ta ji ta, ta ce musu ta gode.

Ba ta bar aikin ba. Bayan sadakar arba'in aka leƙo aka ce mata akwai inuwa a gidan Saude, ɗiyar Saude ta fari ce da ta zo goyon ciki ta shige ɗaki. Zaliha ta tafi hannu rabbana. A ƙofar gida ta yi kiciɓis da Saude tana fitowa da tulu a ka. Zaliha ta kama wuyan tulun ta riƙe.

"Aje shi. Ki zo mu shiga tare, ki riƙe mata kai."

Saude ta dube ta da mamaki, ta waiga ko wani ya ji.

"Haba Zaliha! Ɗiyar hwari ta. In shiga in ce ma mutane mi?"

"Kada ki ce musu komi. Ki shiga dai."

"A'a," in ji Saude, ba da faɗa ba, har da ɗan murmushin girmamawa. "Ke da kike gwanar abin, da taki ta zo, ai ba ki shiga ba. Da ke muka koyi."

Zaliha ta tsaya riƙe da wuyan tulun. Ta sake shi. Saude ta gyara gammo ta gangara kwari, ita kuma ta juya ta ɗaga asabarin ta shiga ita kaɗai.